Maigidana yana so in sa hannu a mayar da gidan jingina sunana

Filin Tambayi Lauya

TAMBAYA

Assalamu alaikum Barista. Ina gaishe ki da aiki, Allah ya ƙara basira. Don Allah ki sakaya sunana.

Shekararmu 19 da aure, 'ya'yana shida. Ni ce uwargida, ina da abokiyar zama mai 'ya'ya biyu, ita gidan haya take. Maigidanmu hatsi yake saye da kaka ya ajiye a Dawanau. Shekara biyu da suka wuce ya karɓi rancen naira miliyan 18 a banki, ya ba su satifiket ɗin gidan da muke ciki jingina. Ya ƙara da kayan da ya ɗauka bashi a hannun abokan kasuwa, ya cika sito da masara da waken suya. Sai farashi ya karye, ya sayar ƙasa da yadda ya saya. Yanzu banki sun ce kuɗinsu da ruwa ya kai miliyan 26. 'Yan kasuwa mutum huɗu suna bin sa miliyan 11, ɗaya har ya kai ƙara, makon jiya aka kawo sammaci. Dillalai sun ce gidan zai yi miliyan 45.

Daren Juma'a ya shigo min da takarda, wai wani abokinsa ne ya haɗa shi da wanda ya tsara ta. A ciki an rubuta ya sayar min da gidan miliyan 10 tun shekara huɗu baya, kafin a ci bashin. Ya ce in sa hannu, ƙanina da wani maƙwabcinmu su yi shaida, daga baya zai je kotu ya yi rantsuwa cewa satifiket ya ɓata, a ba shi wani a juya sunana. Ya ce don yaran nan yake yi, kada a watso mana kaya titi. Tunda nake da shi ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Gaskiya ban sayi gidan ba. Amma lokacin ginin sama na sayar da gwal ɗina da gonar da na gada wajen mahaifina, na ba shi miliyan huɗu da rabi, ya ce aro ne. Ba mu rubuta ba, sai dai kuɗin gonar ta banki na tura masa.

Barista, in na sa hannu gidan zai tsira? Akwai laifi a kaina? Kuɗina fa? In kuma na ƙi, da wane ido zan kalle shi ranar da aka zo fitar da mu?

Uwargida, daga Kano

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya yaye muku, ya mayar wa maigida da mafi alheri. Kada ki sa hannu, kada ki dangwala yatsa, kada ki bari ƙaninki ya yi shaida. Ki ce masa kina son kwana biyu ki yi shawara, sannan ki karanta wannan a tsanake.

Yau da nake rubuto miki babu mai bin ki ko sisi. Ba ki ce kin tsaya masa a banki ba, don haka na ɗauka ba ki tsaya ba. A shari'ar Musulunci da dokar ƙasa duka, aure ba ya haɗe aljihun miji da na mata. Bashinsa nasa ne. Ba mai ikon taɓa kayan ɗakinki ko kuɗin da ke asusunki na ke kaɗai saboda bashin da ya ci, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama wani a madadin wani. A gidan nan ke ce babbar da har yanzu take tsaye a wajen rigimar, wadda in abu ya lalace za ta iya riƙe yara shida. Ranar da kika sa hannu kin shigo ciki, kuma kin shigo da ƙaninki.

Mu fara da banki. Jingina a jikin gida take, kamar tsagar fuska, duk inda mutum ya koma da ita zai je. Gida ya koma hannun mata ko ɗa ko baƙo, da jinginarsa yake tafiya. Sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya ce mai satifiket ba ya sayarwa, ba ya bayarwa, ba ya jinginarwa sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka ƙulla ba ta wannan hanya ba, ba shi da tasiri. In bankin ya bi matakan da bankuna suka saba bi, jinginar tana nan rubuce a fayil ɗin gidanku a KANGIS, ofishin rajistar filaye na jihar Kano, kuma ita ce abu na farko da mai son juya suna zai ci karo da shi.

Wanda ya tsara takardar ya san haka, shi ya sa ya mayar da kwanan wata baya. To bi ni a hankali a nan, domin nan ne na fi jin tsoro. Ki ɗauka alƙali ya yarda da takardar. Me ta tabbatar? Ta tabbatar maigida ya sayar da gida, bayan shekara biyu ya ɗauki gidan da ba nasa ba ya kai banki, ya sa hannu cewa nasa ne, ya karɓi miliyan 18. Damfara ke nan, kuma shi da kansa ya kawo hujjar da za a kama shi da ita. Ko a hakan ma ba lallai gidan ya kuɓuta ba, domin cinikin da ba a nemi amincewar gwamna ba, ba a yi masa rajista ba, da wuya ya sha gaban jinginar da aka yi wa rajista. Ki ɗauka kuma alƙali bai yarda ba. To an tabbatar kun ƙirƙiri takardar jabu, ke da shi da ƙaninki da maƙwabcinku. Dokar Final Kod, wato dokar hukunta laifuka ta Arewa, ta lissafa rubuta takarda da kwanan watan ƙarya don a cuci wani cikin laifin jabu, wanda ɗaurinsa ke iya kaiwa shekara 14. Duk ƙofar da takardar nan ta bi, laifi take kai mutum. Alhali abin da ke kan maigida yau bashi ne kawai, bashi kuwa hanji ne, yana cikin kowa. Ba a ɗaure mutum don farashin masara ya faɗi.

Maganar rantsuwar ɓatan satifiket ta fi muni. Satifiket ɗin yana ajiye a banki, tare da takardar da maigida ya sa wa hannu ranar da ya miƙa shi. Rantsuwar kotu, rahoton 'yan sanda, cigiya a jarida, duk abin da zai bi ya haɗa don a ba shi wani, shaida yake tara wa kansa. Ranar da lauyan banki ya ciro ainihin satifiket ya ɗora gaban alƙali, magana ta ƙare.

Kada ki ga kamar ba za a gane ba. Hatimin da lauya ke mannawa a takarda yana ɗauke da shekararsa, kuɗin hatimin gwamnati ma yana da ranar da aka biya shi. Ko an rufe wannan, ke za a sa a akwatin shaida, a rantsar da ke. Na yi wa mata irin waɗannan tambayoyi, na kuma ga an yi wa waɗanda nake karewa. A ina kika samu miliyan 10? A hannu kika ba shi ko ta banki? Ina alat ɗin? Kin sayi gida, me ya hana ki karɓar satifiket shekara huɗu? Harajin ƙasa da sunan wa ake biya? Ranar da ma'aikatan banki suka zo duba gidan suna ɗaukar hoto, kina ciki? Me ya sa ba ki ce musu naki ba ne? Sai a shigo da ƙaninki shi kaɗai: wace rana ce, a falo ko a soro, wa ya fara sa hannu, ya ga kuɗin da idonsa? Sai maƙwabci. Mutum uku ba sa iya haddace ranar da ba a yi ta ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, Hajiya, kuma mace mai tsoron Allah irinki, wadda tun a wasiƙa ta ce min gaskiya ban sayi gidan ba, ba za ta kai tambaya ta biyar ba.

Akwai abin da nake jin ba ki lura da shi ba. Banki ba shi ne wanda takardar nan za ta fi cuta ba, shi yana riƙe da satifiket da lauyoyi. Gida miliyan 45, banki 26, saura 19. Doka ta ce in an sayar da gidan jingina, bayan an cire bashi da ɗawainiyar sayarwa, rarar ta mai gida ce. Wannan rarar ita kaɗai ce abin da mutum huɗun nan za su iya kamawa, domin su ba su riƙe komai ba sai alkawari. Abin da ake so ki ɓoye a ɗakinki haƙƙinsu ne.

Dabarar tsohuwa ce, maganinta ma tsoho ne. A 1571, zamanin Sarauniya Elizabet ta Ɗaya, Ingila ta yi dokar da ta ce duk wanda ya mayar da dukiyarsa hannun wani da nufin jinkirta masu bin sa bashi ko toshe su ko cutar su, ana iya warware abin da ya ƙulla. Tana cikin tsofaffin dokokin da muka gada ta hannun Turawan mulki, kuma ƙa'idarta na aiki a kotunanmu. Akwai wata sananniyar shari'a da aka yi a Ingila kan wannan doka, shari'ar Twyne ta 1601. Yadda aka rubuta ta, wani ne mutum biyu ke bin sa bashi, ɗaya fam 400, ɗaya fam 200. Da mai fam 200 ya kai ƙara, sai ya rubuta wa ɗayan duk abin da ya mallaka a ɓoye, amma ya ci gaba da riƙe tumakinsa, yana aske musu gashi, yana sa musu alamarsa, har yana sayar da wasu. Alƙalai suka ce ba sai an tsaga zuciyar mutum ba, alamu sun isa: an yi a ɓoye, an yi ƙara tana kotu, an ba da komai ba a rage ba, mai bayarwa bai saki kayan ba. Ki auna da naku. Da dare aka kawo takardar. Sammaci ya riga ta zuwa. Gidan shi ne duk abin da ya rage masa. Zai ci gaba da kwana a ciki. Ga ƙari biyu da kotuna ke dubawa: wadda aka ba matarsa ce, kuɗin da aka rubuta kuma bai kai rubu'in darajar gidan ba.

Malaman mazhabarmu sun riga Ingila da kusan shekara ɗari biyu. A littafinsa Muhtasar, babin tafalisi, wato karyewar mai bashi, Shehu Halil ya ce mai bin bashi yana da ikon hana wanda bashi ya kewaye dukiyarsa yin kyauta, yana da ikon hana shi iƙirarin bashi ga wanda ake zargin zai fifita, irin makusantansa. In an cire gidan nan daga hannun maigida, abin da ya rage ba zai biya ko mutum ɗaya ba, ruwan banki kuwa kullum ƙaruwa yake. Kyautar da aka sa wa rigar ciniki ma suna da sunanta, tauliji, kuma Ibnu Asim a Tuhfa, littafin da alƙalanmu ke aiki da shi, ya ce in ta tabbata ana mayar da cinikin. Ko da babu bashi ko kaɗan, kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓa ya riƙe, mai bayarwa ya saki. A nan akwai mas'alar da mata da yawa ba su sani ba, kuma na ga ta kayar da su a rabon gado. Halil ya ce mace ta ba mijinta gidan da suke zaune a ciki ya inganta, amma akasin haka bai inganta ba. Miji ya ce wa matarsa na ba ki gidan nan, ya ci gaba da zama a ciki, bai saki ba, domin mazauni dama wajibinsa ne.

Na san abin da ake faɗa a majalisa: ai kuɗin banki riba ne, don an zille musu ba komai. Ayar da ta yi gargaɗi mafi tsanani kan riba, ta 279 a Baƙara, ita ce ta ce kuna da uwar dukiyarku, kada ku yi zalunci kada a zalunce ku. Miliyan 18 ya karɓa, ya sayi hatsi da ita. Mutum huɗun nan kuwa ba su ci ruwan kowa ba, buhuna suka auna masa bisa amana, kuma wanda ya san kasuwa ya san jarin ɗan kasuwa ba nasa ba ne shi kaɗai, akwai kuɗin ƙanwarsa bazawara a ciki, akwai na marayun da aka ba shi juyawa. Buhari ya ruwaito cewa wanda ya karɓi dukiyar mutane yana nufin biya Allah zai biya masa, wanda ya karɓa yana nufin halaka ta Allah zai halaka shi. Maigida ya karɓa da niyyar biya, na yarda da haka. Takardar nan niyyar ce take son canza masa. Jingina kuwa ba abin kunya ba ce. Manzon Allah (SAW) ya bar duniya sulkensa yana jingine wajen wani Bayahude kan sa'i 30 na sha'ir.

Shekarun baya wata baiwar Allah ta zo ofishina da irin wannan takarda, sai dai ita ta riga ta sa hannu. Mijin ya rasu a haɗarin mota kafin a gama shari'ar bashin. Masu bin bashi suka sa sunanta a ƙara, 'ya'yan abokiyar zamanta kuma suka kai ta kotun shari'a cewa ta haɗa baki an fitar da gida daga gado. Ta rasa inda za ta tsaya. In ta ce cinikin gaskiya ne, ba ta da shaidar biyan kuɗi. In ta ce na ƙarya ne, ta amsa laifi da bakinta. Wanda zai ce ni na sa ta yana kabari. Sarƙarta da awarwaronta suka tafi a zirga-zirgar kotu, gidan aka sayar da shi duk da haka, kuma har na daina jin labarinsu 'ya'yan ɗakunan biyu ba sa gaisawa. Ke ma kina da abokiyar zama mai 'ya'ya biyu. Ko maigida da kyakkyawar niyya ya yi, ranar da ta ji an sa gida sunanki da dare ba za ta ga tsira ba, ƙwace za ta gani.

Yanzu kuɗinki. Miliyan huɗu da rabin nan haƙƙinki ne na gaskiya, kuma ba na so ki yafe shi don kunya. Gobe ki je bankinki ki nemi bayanan asusunki na watan da kika tura kuɗin gonar, a buga musu hatimi. Ki nemo takardar cinikin gonar da waɗanda suka shaida, har dagaci ko mai unguwar da aka yi a gabansa. In mai gwal ya ba ki rasit, ki nemo. In akwai saƙon waya da maigida ya ambaci aron, kada ki goge. Sannan ya rubuta miki cewa kina bin sa kaza, da kwanan watan ranar da ya rubuta, ba na baya ba, a gaban shaidu biyu da ba 'yan ɗakinku ba. Rubutun nasa shi kaɗai ba shi da nauyi sosai yanzu, saboda dalilin da Halil ya faɗa, za a ce matarsa ce yake kare ta. Takardar banki da shaidun gona su ne za su ɗauke shi. Matsayinki kuma ki san shi tun yanzu: kina bayan banki, kina sahu ɗaya da 'yan kasuwar. In akwai ragowar sadakin da bai biya ba, shi ma bashi ne, ki haɗa. Amma in kika sa hannu a takardar sayen, wannan haƙƙin ma kin raunana shi. Shaidar da aka kama da ƙarya a miliyan 10, wa zai yarda da ita a miliyan huɗu da rabi?

Abin da zai fitar da ku ba ya buƙatar ɓoyo. Maigida ya ɗauki takardar da banki ya ba shi ta sharuɗɗan rance da takardar jinginar ya kai wa lauya, ba wanda ya tsara masa waccan ba. A duba wace irin jingina ce. In satifiket kawai ya ajiye musu, sai sun bi ta kotu kafin su sayar. In cikakkiya ce mai hatimi da rajista, suna iya sayarwa ba tare da kotu ba. Tsohuwar dokar Ingila ta 1881 da yawancin jihohin Arewa ke aiki da ita ta ɗora sharaɗi, kamar sanarwar wata uku ko ruwa ya yi wata biyu ba a biya ba, sai dai bankuna kan rage wannan a cikin takardarsu, shi ya sa dole a karanta. A kuma sa akanta ya bi lissafin yadda 18 ta zama 26. Babban Bankin Nijeriya yana da ƙa'idar abin da banki zai iya caja, kuma yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, inda ake kai kuka in an fara kai wa bankin bai gyara ba. Na sha ganin lissafi ya sauko bayan an bincika, na kuma sha ganin banki ya yafe tara da wani ɓangaren ruwa in ya ga kuɗi a ƙasa.

Sannan ya rubuta wa bankin yana neman izini, a rubuce, ya nemo mai saye da kansa. Gidan da mai shi ya sayar a natse ya fi wanda aka buga wa ƙararrawar gwanjo daraja, nesa ba kusa ba. Yi lissafin da kanki. Ko ba a rage wa banki komai ba, 45 a cire 26 a cire 11, saura 8, kafin la'adar dillalai. Cikinta akwai kuɗinki. Ba za ta sayi irin gidan da kuke ciki ba, na sani, kuma na san zafin barin gidan da gonar mahaifinki take cikin gininsa. Amma za ta kama haya ta shekaru, ko fili a bayan gari, ta bar ɗan jari. Duk watan da aka ɓata ana wasan takardu, ruwa daga cikin wannan takwas ɗin yake ci.

Sammacin nan kada ya yi wasa da shi, in bai je ba za a yanke hukunci a bayan idonsa. Ya je, ya amsa abin da ya san ana bin sa, ya nemi a ba su damar sulhu. Babbar kotun Kano tana da gidan sulhu, shugabannin kasuwa ma sun saba raba irin wannan. Ya tara mutum huɗun wuri ɗaya ya buɗe musu lissafi: ga gida, ga banki, ga abin da zai rage, ga lokacin da nake nema. Aya ta 280 a Baƙara ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, kuma 'yan kasuwarmu sun san ta. Abin da ba sa yafewa shi ne su gano an yi musu wayo.

Wani abu ƙarami: kada ki bari a riƙa bi da kuɗin kasuwarsa ta asusunki. Tun Agustan 2020 bankuna suna da tsarin cire bashi daga asusun mai bashi a wasu bankunan ta lambar BVN, har asusun haɗin gwiwa, shi ya sa maza da yawa ke komawa asusun matansu. In kuɗinsa suka cakuɗe da naki, raba su a gaban kotu wahala ne.

Kin tambaye ni da wane ido za ki kalle shi. Mutumin da ya yi kuka gabanki bayan shekara 19 ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi, aka samu mai ba shi muguwar shawara. Kada ki jefa masa ƙin a fuska, kada kuma a gaban yara. Ki samu lokacin da ya ci abinci ya natsu, ki ce, “Alhaji, in gida ya tafi za mu kama haya. In aka riƙe ni da kai fa, wa zai riƙe su?” In bai saurara ba, ki nemo yayansa ko malamin da yake jin nauyi, ki ba su wannan shafin su karanta masa. Abokiyar zamanki kuma shi ya kamata ya zaunar da ita ya gaya mata halin da ake ciki, kafin ta ji a bakin dillalai.

TAMBAYA

Barista, barka da aiki. Ni taki nake sayarwa. Wani da muka daɗe muna hulɗa ya ɗauki na miliyan 6 tun damina biyu da suka wuce, ya biya ɗaya ya tsaya. Da na matsa sai ya ce ba shi da komai, gidan da kowa ya san nasa ne wai na matarsa ne yanzu. Ina da littafin da yake sa hannu in ya ɗauki kaya. Abokaina sun ce in kai shi wajen 'yan sanda a tsare shi har ya biya. Me kika gani?

Mai taki, daga Funtuwa

AMSA

Barka kadai, Alhaji. Allah ya fito maka da haƙƙinka. Bar maganar 'yan sanda. Dokarsu ta 2020 ta hana su kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki, kuma in ka sa aka tsare shi yana iya juyowa ya yi ƙararka kan tauye masa haƙƙi, a ci ka tara, kai mai bin kuɗi ka koma mai biya.

Littafin nan shi ne ƙarfinka. Ka yi masa hoto shafi-shafi, ka ajiye ainihin a gida, ka daina barinsa a shago. Ka haɗa da shaidar miliyan ɗayan da ya biya, domin biyan wani ɓangare amsa bashi ne. Kada ka yi ta jira, bashin ciniki yana da wa'adin kai ƙara, shekara biyar ko shida gwargwadon jiha. Lauyanka ya rubuta masa takardar neman biya, in bai biya ba a shigar da ƙara. Bashin da adadinsa ke rubuce da sa hannu yana da gajeriyar hanya a kotu, wadda in ba shi da kariya ta gaske ba a jan ta.

Gidan kuwa, kafin komai a binciki fayil ɗinsa a ofishin filaye na jiha, in babu satifiket a tambayi mai unguwa da maƙwabta da wanda ya sayar masa da filin. Abu uku kake nema: yaushe aka juya, nawa aka ce an biya, kuma akwai jinginar banki a kai ko babu. In akwai, bankin yana gabanka, rara kake bi. In an juya ne bayan ya ɗauki takinka, ba kuɗin da ya shiga hannunsa, yana kuma zaune a ciki, lauyanka zai roƙi kotu ta warware juyin, ta kuma hana a sayar wa wani kafin a gama shari'a. Wannan roƙon na biyu ka hanzarta shi, domin in baƙo ya saya da kuɗinsa bai san komai ba, ƙwato gidan daga hannunsa ya yi wuya. In kuma bincike ya nuna matar ta mallaki gidan da gaske tun kafin hulɗarku, ko da kuɗinta aka gina shi, ka bar mata abinta ka nemi wata dukiyar tasa. Bayan hukunci ma da kayan da ake iya ɗauka ake farawa, mota, babur, kayan shago, kuɗin banki, sai sun gaza babbar kotu take ba da izinin taɓa gida. Don haka tun yanzu ka fara rubuta abin da ka san ya mallaka, da lambar motar, da inda yake ajiye amfanin gonarsa.